Waƙa 15 a kaset guda: lissafin kundin Bad Brains na 1982

Wanda ya tashi a Kumbotso ko Panshekara zamanin da kaset ke tashe ya san lissafinsa. Kaset mai lamba 60, minti 30 ne kowane gefe. Waƙoƙin Shata ko na Ɗanƙwairo biyu zuwa uku sukan cinye gefe ɗaya, har mai noman rani a Kura ko Bunkure ya shayar da fangali da dama kafin ya tashi juya kaset.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna kundin farko na Bad Brains, matasa huɗu baƙaƙen fata daga birnin Washinton na Amurka, masu kiɗan nan mai tsananin sauri da hargowa da ake kira hardcore punk. Kundin ya fito a 1982, waƙa 15 a cikin minti 34 ko kusa da haka.

In an raba daidai, kowace waƙa ta tashi da minti biyu da 'yan daƙiƙu. To, amma rabon ba haka yake ba. Uku daga ciki kiɗan rege ne irin na Jamaika, mai tafiya sannu, domin mawaƙan mabiya Rasta ne. Waɗannan ukun kaɗai sun ci kusan minti 13, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na kundin. Sauran 12 suka cunkushe a minti 21, wasu ma da ƙyar suka wuce minti guda. A ganina nan gwanintarsu take: sun san kunne ba ya jure gudu babu hutu, sai suka ware masa wurin shan iska. Kuma saurin ba na rashin iya hannu ba ne, don da kiɗan jaz suka fara.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda aka sayar da shi. Kamfanin ROIR na birnin New York bai buga faifai ba a lokacin, kaset kawai ya fitar. Kaset kuwa ya fi araha kuma yana saurin yawo hannu zuwa hannu. Dalilin da ya raya kasuwar kaset a Ƙofar Wambai ke nan. Su kansu mawaƙan, dole ce ta kai su New York, bayan gidajen rawa na Washinton sun daina ba su fili, abin da suka yi wa waƙa guda a cikin 15 ɗin.