Fari da yunwa: Dalilin da ya sa ake haɗa agajin gaggawa da ayyukan raya ƙasa

A ranar 20 ga Yuli, 2011, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana cewa yunwa ta kai matakin bala'i a wasu yankuna biyu na kudancin Somaliya. Wani bincike da aka fitar a 2013 ya ƙiyasta cewa mutum kimanin 258,000 ne suka rasu tsakanin Oktoban 2010 da Afrilun 2012, kuma kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Abin da ya fi tayar da hankalin masana shi ne, cibiyoyin hasashe sun fara yin gargaɗi tun a watan Agustan 2010, kusan shekara guda kafin sanarwar, amma manyan kuɗaɗen agaji ba su fito ba sai da hotunan yara masu tamowa suka cika kafafen watsa labarai.

Farin da ya faɗa wa Somaliya shi ne ya faɗa wa kudancin Habasha da arewacin Kenya. Can ma dabbobi sun mutu, jama'a sun sha wuya, amma ba a kai ga irin wancan asarar rayuka ba. Yaƙi ya taka babbar rawa a wannan bambanci, domin ƙungiyar Al-Shabab ta hana masu agaji da dama shiga yankunan da take riƙe da su. Sai dai akwai wani dalili na biyu: Habasha da Kenya suna da tsare-tsaren tallafi da suka riga suka kafu tun kafin ruwa ya ɗauke. Daga nan ne aka ƙara ƙaimi wajen batun haɗa agajin gaggawa da ayyukan raya ƙasa.

Yadda fari ke zama yunwa

Fari ba ya kashe mutane a rana ɗaya. Idan damina ta gaza, magidanci yakan fara da rage cin abinci a gidansa, daga sau uku zuwa sau biyu. Daga nan samari su tafi cin rani. Sai a kai awaki da tumaki kasuwa, a daidai lokacin da kowa ke kai nasa, don haka farashin dabba ya faɗi, na hatsi kuma ya hau. Akuyar da a da kuɗinta ke sayen buhun gero sai ta kasa sayen rabinsa. Idan matsin ya ci gaba, a ci irin shuka, a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona, a cire yara daga makaranta.

Yawanci sai an kai wannan mataki na ƙarshe ne motocin agaji ke isowa. Abincin yakan ceci rai, amma ba ya dawo da sa, ba ya fanso gona. Ko da ruwa ya wadata a shekara mai zuwa, mutumin ba shi da abin da zai yi noma da shi, kuma farin gaba zai same shi cikin raunin da ya fi na baya. Yaron da ya rasa abinci mai gina jiki a kwana dubu na farkon rayuwarsa, tun daga ciki har ya cika shekara biyu, yakan tsumbure, kuma da wuya ya cike wannan giɓi a girmansa.

Wannan ne ya sa abin da masana ke kira juriya ya ta'allaƙa a kan tambaya guda: shin iyali zai iya tsallake mummunar shekara ba tare da ya rabu da abin da yake dogaro da shi wajen neman abinci ba?

Ɓangarori biyu da ba sa tafiya tare

Shekaru da dama tallafin ƙasashen waje ya kasu gida biyu. Masu agajin gaggawa suna aiki ne da kuɗin da ake tarawa bayan an yi shelar neman taimako, kuma wa'adin kuɗin bai cika wuce wata shida zuwa shekara guda ba. Masu ayyukan raya ƙasa kuwa suna tsara shirye-shirye na shekara huɗu ko biyar, kamar madatsun ruwa, hanyoyi da ingantaccen iri, galibi a yankunan da ke da albarkar noma, kuma sukan tsara su tamkar fari ba zai zo ba. Idan ya zo, aikin yakan tsaya cik. Kowane ɓangare yana da asusunsa, da ma'aikatansa, da dokokin kashe kuɗinsa.

A 1996 Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da wata takardar manufa kan haɗa agaji, farfaɗowa da raya ƙasa. Da farko an ɗauki abin a matsayin jeri: a ba da agaji, a farfaɗo, sannan a koma raya ƙasa. Amma wannan lissafi bai yi aiki ba a inda fari ke yawan dawowa. Jamhuriyar Nijar ta fuskanci ƙarancin abinci mai tsanani a 2005, da 2010, da 2012. Kafin iyali ya biya bashin shekara guda, wata ta riske shi. Saboda haka aka karkata ga fahimtar cewa dole ayyukan biyu su gudana lokaci guda, a wuri guda, a kan mutane guda.

Tsarin Habasha

Bayan yunwar 1984, Habasha ta shafe kusan shekara ashirin tana fitowa neman agajin abinci kusan kowace shekara. A farin 2002 zuwa 2003, fiye da mutum miliyan 13 ne suka buƙaci taimako. Gwamnati da masu ba da tallafi suka lura cewa miliyoyi daga cikinsu gidaje ɗaya ne ke dawowa cikin jerin sunaye shekara bayan shekara, ko an yi fari ko ba a yi ba. Matsalarsu talauci ne mai ɗorewa, amma ana magance ta da kayan aikin gaggawa waɗanda ke zuwa a makare.

A 2005 aka ƙaddamar da shirin tallafi mai ɗorewa da aka fi sani da PSNP. Ya fara da mutum kusan miliyan biyar, daga baya ya kai kimanin miliyan takwas. Gidan da aka zaɓa yana samun kuɗi ko hatsi na tsawon wata shida a kowace shekara, a kan kimanin kilo 15 na hatsi ga kowane mutum a wata. Masu ƙarfi a gidan suna yin ayyukan al'umma a lokacin rani, kamar jera duwatsu a gangaren tsaunuka don tare zaizayar ƙasa, haƙa tafkunan tara ruwa, dasa itatuwa da gyaran hanyoyin karkara. Tsofaffi da masu larura suna karɓar nasu ba tare da aiki ba.

Haɗin yana fitowa ta fuska biyu. Ta farko, iyali ya san tallafin na tafe, don haka ba ya gaggawar sayar da dabbarsa, kuma aikin da ya yi yana gyara ƙasar da yake nomawa. Ta biyu, an ware wani kaso na kasafin shirin a matsayin ajiyar ko-ta-kwana. A 2011 an yi amfani da irin wannan tanadi wajen tsawaita biyan waɗanda ke cikin shirin da wata uku, aka kuma shigar da ƙarin mutane kimanin miliyan uku na wucin gadi. Ba a buƙaci kafa sabon tsari ba, domin jerin sunaye da ma'aikata da hanyar biya duk suna nan.

Binciken da cibiyar nazarin manufofin abinci ta IFPRI ta gudanar ya nuna cewa gidajen da suka yi shekara biyar a cikin shirin sun rage tsawon lokacin da suke rasa isasshen abinci da fiye da wata guda a shekara, idan aka kwatanta da waɗanda suka yi shekara ɗaya kacal. Binciken ya kuma nuna raunin shirin: inda biya ke jinkiri ko ya yi kaɗan, amfanin yakan ragu ƙwarai.

Kenya da inshorar fari

Kenya ta ɗauki wata hanya a gundumomin makiyaya huɗu na arewa, wato Turkana, Marsabit, Mandera da Wajir. Gidaje kimanin 100,000 mafi talauci suna karɓar kuɗi a kai a kai. Amma an yi wa wasu dubban ɗaruruwan gidaje rajista tun da wuri, aka buɗe musu asusun banki ko da ba a biyansu komai a shekarar lafiya. Hukumar kula da fari ta ƙasar tana bin hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna yanayin ciyawa. Da zarar ma'aunin ya faɗi ƙasa da iyakar da aka amince da ita, sai a tura kuɗi zuwa waɗannan asusu. An fara yin irin wannan faɗaɗawa a 2015. Fa'idarta ita ce an yanke shawara tun kafin matsala, ba a jiran taro ko muhawara a kan ko lamarin ya kai a taimaka.

A matakin nahiya, Tarayyar Afirka ta kafa hukumar inshorar bala'o'i ta ARC a 2012, inda ƙasashe ke biyan kuɗin inshora don a biya su diyya cikin hanzari idan ruwa ya gaza. A farkon 2015 ta biya Senegal, Nijar da Muritaniya fiye da dala miliyan 26. Tsarin bai rasa tangarɗa ba: a Malawi a 2016, lissafin kwamfuta ya nuna farin bai yi tsanani ba alhali jama'a na cikin yunwa, sai bayan sake nazari aka biya kimanin dala miliyan takwas a makare.

Darasin Maraɗi

Ɗaya daga cikin fitattun misalai ya fito ne daga ƙasar Hausa. A farkon shekarun 1980, wani masanin noma ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa tsirran da manoma ke sarewa lokacin sharar gona tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai. Idan aka bar reshe ɗaya ko biyu mafi ƙarfi aka datse saura, itacen yakan tashi da sauri fiye da dashe. Wannan dabara ce ake kira sassabin zamani.

Manoma ba su karɓe ta da farko ba. A farin 1984 ne aka haɗa ta da rabon abincin agaji, inda aka sanya barin itatuwa a gona cikin ayyukan da ake yi a karɓi hatsi. Da rabon ya ƙare, mafi yawan manoman suka sare itatuwan. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga iska ta daina binne shuka da rairayi, sun sami itacen girki da abincin dabbobi, musamman daga gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya kuma ƙara wa ƙasa taki. Daga gare su dabarar ta yaɗu, kuma sassauta dokokin gandun daji ya ba manomi ƙwarin gwiwar cewa itacen da ya raina zai amfana da shi. Bayan kimanin shekara ashirin, an ƙiyasta cewa an farfaɗo da hekta miliyan biyar da itatuwa kusan miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Agaji ya buɗe ƙofa, amma abin da ya ɗore shi ne wanda manomi ya ga ribarsa da idonsa.

Iyakar tsarin

Babu ɗaya daga cikin waɗannan tsare-tsare da ke jure wa yaƙi. Rikicin Tigray da ya ɓarke a Nuwamban 2020 ya katse shirin Habasha a yankin da yake cikin waɗanda suka fi amfana da shi. Akwai kuma saɓani na asali: ayyukan raya ƙasa suna bi ta hannun gwamnati, masu agaji kuwa suna buƙatar a gan su a matsayin 'yan ba-ruwanmu kafin su isa ga mutanen da ke bayan fagen daga. Haka nan, idan fari ya zarce misali, kamar damina biyar a jere da suka gaza a Ƙahon Afirka tsakanin 2020 da farkon 2023, tallafin yau da kullum ba ya wadatarwa, dole a koma ga agajin gaggawa mai yawa. Sannan yawancin kuɗin na zuwa ne daga waje, kuma yana iya tsayawa idan siyasar masu bayarwa ta sauya.

Inda Nijeriya ta tsaya

Arewacin Nijeriya ya san fari tun daga yunwar Kakalaba ta 1914 zuwa farin 1973 da na 1984. A yau ƙasar tana da yawancin sassan da ake buƙata. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Ana gudanar da nazarin yanayin abinci na bai-ɗaya na yankin Sahel da Yammacin Afirka sau biyu a shekara, wanda ke hasashen yawan mabuƙata a watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare kuma sabon amfani bai nuna ba. Akwai hukumar NEMA da aka kafa a 1999, da rumbunan ajiyar hatsi na tarayya, da rajistar mabuƙata ta ƙasa. Ta fuskar raya ƙasa, akwai hukumar katangar itatuwa da aka kafa a 2015 don jihohi 11 da ke bakin hamada, da shirin ACReSAL na dala miliyan 700 daga Bankin Duniya da ya shafi jihohin Arewa 19 da Abuja.

Abin da Habasha da Kenya suka nuna shi ne, amfanin irin waɗannan sassa yana bayyana ne idan an ɗaure su da juna tun kafin fari: a fayyace wane ma'auni ne zai sa a saki kuɗi, daga wane asusu, zuwa ga waɗanne gidaje, cikin kwana nawa. Za a gane an yi nasara idan manomi a Yobe ko makiyayi a Sakkwato ya shiga sabuwar damina da irinsa, da dabbarsa, da gonarsa a hannunsa.