Shekara nawa ke ga ƴan matan gidan Bennet? Lissafin littafi da abin da fim ya nuna

Yau lissafi za mu yi, amma ba na kuɗin taki ko na damin hatsi ba. Shekarun mutanen cikin wani tsohon littafin soyayya na ƙasar Ingila za mu ƙirga. Sunan littafin Pride and Prejudice, wato kamar a ce "girman kai da mummunan zato". Wata mata mai suna Jane Austen ce ta rubuta shi, ya fito a 1813. Da yawa daga cikinmu ba ta takarda labarin ya iso mana ba, ta fim ne. Akwai mai kashi shida da BBC ta yi a 1995, akwai na sinima na 2005, akwai kuma Bride and Prejudice na 2004, wanda aka maida labarin garin Amritsar na Indiya, Aishwarya Rai ta fito a ciki. Masu son fim ɗin Indiya, ku ne kuka fi sanin wannan.

Ga wanda bai san labarin ba: wani magidanci ne, Mista Bennet, Allah ya ba shi ƴaƴa mata biyar, babu namiji ko ɗaya. Gidansa da gonakinsa suna kawo masa fam 2,000 a shekara, amma an ɗaure dukiyar da wata ƙa'idar gado da ta ce namiji kaɗai ke ci. Ran da maigida ya faɗi, wani ɗan'uwansa na nesa mai suna Kolins ne zai karɓe komai. Shi ya sa uwargidan ba ta da zance, safe da yamma, sai na aurar da ƴaƴanta.

Jane Austen ba ta jera shekarun kowa a wuri ɗaya ba. Warwatsa su ta yi cikin hira, cikin wasiƙa, cikin gorin da ƙanwa ke yi wa yaya. Sai mai karatu ya bi ya tsinto. Wannan aiki ba baƙo ba ne gare mu. A ƙauyukanmu, in aka zo yi wa dattijo takarda alhali ba a rubuta ranar haihuwarsa ba, ai tambaya ake yi: lokacin da aka samu ƴancin kai a 1960 ka fara kiwo? Ran da Kunce ya hau mulki a 1974 ka yi aure? Kai da wane, wa ya girmi wani? Daga nan a rubuta "an haife shi wajajen shekara kaza". Da wannan dabarar za mu bi littafin.

Mu fara da Elizabet, ta biyu a gidan, wadda labarin ya rataya a kanta. Wata attajira mai izza, Ledi Katarin, ta titsiye ta a wajen cin abinci sai ta faɗi shekarunta. Elizabet ta ɗan yi ta zillewa, daga baya ta amsa cewa ba ta cika 21 ba. Ke nan 20 gare ta. Abin sha'awa, Jane Austen kanta tana da 20 lokacin da ta fara rubuta labarin a 1796. Babbar yaya, Jane, a bakin autarsu muka ji nata: ta yi mata gorin ta kusa 23 ba ta yi aure ba. Ke nan 22. Auta Lidiya, mai ba da labari ya ce 15 gare ta a farko, uwarta kuma ta ce ta cika 16 a watan Yuni. Kiti ta yi kuka an gayyaci Lidiya tafiya an bar ta, alhali ta girme ta da shekara biyu, sai mu ba ta 17 zuwa 18. Meri, ta tsakiya, littafin bai faɗi nata ba, amma tunda tana tsakanin mai 20 da mai 17, ba za ta wuce 18 ko 19 ba.

Ku lura, ƴaƴa biyar cikin shekara bakwai ko takwas. Kusan kunika ke nan, ana ta neman namijin da zai tsare gado.

Darsi, attajirin nan mai samun fam 10,000 a shekara wanda ya fara raina Elizabet kafin ya kamu da sonta, shi da bakinsa ya ambaci 28 a ƙarshen littafi. Labarin kuwa shekara ɗaya ya ɗauka da ƴan kai: ya fara a ƙarshen Satumba, ya ƙare a kaka ta gaba. Ke nan sa'ad da suka fara haɗuwa yana da 27 ko 28, tsakaninsa da Elizabet shekara bakwai zuwa takwas. Ana iya gwada wannan lissafi ta wata hanya a ga ko ya tsaya. A wasiƙarsa ya ce ya girmi ƙanwarsa Jojiyana da fiye da shekara goma. Ita kuwa an ce ta ɗan haura 16 lokacin da Elizabet ta gan ta. A cire 16 daga 28, saura 12. Ya yi daidai. A wasiƙar dai ya ce mahaifinsu ya rasu shekara biyar da suka wuce. To, yana ɗan 23 aka ɗora masa gida, gonaki, barori, da marainiya ƴar shekara 11. Wanda ya san wannan zai rage ganin laifin ɗaure fuskarsa, ko da yake mu dai ba mu wanke shi daga girman kai ba.

Abokinsa Bingili, mai son Jane, an ce bai cika shekara biyu da zama mai ikon kansa ba. A dokar Ingila ta wancan zamani, sai mutum ya kai 21 yake zama mai ikon kansa. Ke nan 22 gare shi, sa'an Jane ne, ba mamaki ma ta ɗan girme shi da watanni. Wannan ya bayyana abin da ke ɗaure wa masu kallo kai: ta yaya namiji zai bar yarinyar da yake so don kawai aboki ya ce ya bari? Ai ba aboki ne kurum ba, kamar wa ne, ya ba shi shekara biyar ko shida, kuma shi yake yi masa shawarar komai.

Yanzu mu zo inda fim ya fara kauce wa littafi. A na 1995, Jennifer Ehle da ta fito a Elizabet tana da 25 lokacin da aka nuna shi, Colin Firth da ya fito a Darsi yana da 35. Tazarar ta ɗan ƙaru, amma ba ta ɓata komai ba. A na 2005, Keira Knightley tana da 20 cif, Matthew Macfadyen yana da 30; wannan ya fi kusa da littafi. Akwai wani tsohon fim na Amurka na 1940 inda Greer Garson, haihuwar 1904, ta yi Elizabet, Laurence Olivier, haihuwar 1907, ya yi Darsi: amarya ta girmi ango. Haka ma a na Indiya, Aishwarya Rai haihuwar 1973 ce, Martin Henderson kuwa 1974. Can ma an rage ƴan matan sun koma huɗu. Duk wannan ba ya canja ma'anar labari sosai, don Elizabet mai hankalin manya ce tun asali.

Inda ma'ana ta canja shi ne wajen Kolins, wajen uwar gidan, da kuma wajen Lidiya.

Kolins a littafi saurayi ne ɗan 25, dogo, mai jiki, sabon limamin coci wanda bai daɗe da gama karatu ba. A 1995 an ba David Bamber, wanda ya kai 40. A 2005 an ba Tom Hollander, yana dab da 40, gajere, har ana wasa da gajartarsa. Mai kallo sai ya ɗauka Elizabet ta ƙi shi ne don tsoho ne ko don mummuna ne. Ba haka ba ne. Ta ƙi saurayi mai aiki, mai gida, wanda zai gaji gidan ubanta, don kawai ba ta ganin hankalinsa. Wannan ƙin ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Kwana uku ba su cika ba ya koma wajen ƙawarta Shalot, ita kuma ta amsa. Shalot 27 gare ta, ta girmi mijin da shekara biyu, ba kyau, ba dukiya, ga ƙanne maza da ke tsoron ta tsufa a gida ta zame musu kaya. Ba so ta nema ba, ɗakin kanta ta nema, kuma ba ta ɓoye ba. Jane Austen da ta rubuta wannan ba ta taɓa aure ba har ta rasu a 1817 tana da 41; ta san abin da zaman gida ke nufi ga macen da ba ta da nata kuɗi.

Uwargida, Misis Bennet, ba a faɗi shekarunta ba, amma an faɗi na aurenta: 23. Babbar ƴarta 22, ke nan shekarar farko ta haihu. An kuma ce ƙuruciyarta da kyanta ne suka ruɗi mijin ya aure ta. In muka ce ta yi aure tsakanin 18 da 22, tana tsakanin 41 da 45 ke nan. A 1995 Alison Steadman ta kusa 50, ba laifi. A 2005 Brenda Blethyn tana dab da 60, mijinta a fim ɗin, Donald Sutherland, yana da 70. Sai suka zama kamar kakanni. To mace ƴar 43 da ke ganin in mijinta ya mutu za a fitar da ita daga gida, tana iya ƙara shekara talatin a duniya, ga ƴaƴa biyar, ga abin da aka rubuta musu ita da su duka fam 5,000 kacal, wannan ba shiriritar tsufa ke damunta ba. Surutunta ya yi yawa, gaskiya ne, ta kuma sha kunyata ƴaƴanta a gaban mutane. Amma a gidan nan kaf ita kaɗai ce ke lissafin gobe. Maigida yana ɗakin karatunsa yana yi mata dariya, bai ajiye ko sisi ba.

Sai Lidiya. Nan ne lissafi ya fi zafi. Wikam, sojan nan mai daɗin baki, tare suka tashi da Darsi a gida ɗaya, don ubansa ne wakilin gonakin uban Darsi, kuma wasiƙar ta ce kusan sa'anni ne. Ke nan ya doshi 28, ko ya ɗan gaza ko ya ɗan haura. Watanni kaɗan kafin ya haɗu da ƴan gidan Bennet, ya yi ƙoƙarin gudu da Jojiyana daga wani garin bakin teku mai suna Ramsgate, tana da 15, don ya kai hannu ga gadonta na fam 30,000. Allah ya sa wanta ya iso kafin su tashi. Bayan shekara ɗaya, a watan Agusta, ya gudu da Lidiya daga Brighton, wata biyu da cikarta 16. Matar da aka damƙa mata amanar Lidiya a can, matar kanar ɗin sojoji, ita ma yarinya ce sabuwar amarya. Namiji ɗaya, yara biyu, kowace ya ba ta kimanin shekara goma sha biyu. In aka jera lambobin haka, ba a ƙara kiran abin da sunan rawar kan budurwa.

Dokar ƙasar ma ta shigo cikin lissafin. Tun dokar aure ta 1753, a Ingila wanda bai kai 21 ba sai da yardar uba ko waliyyi. Ƙasar Sikotland ba ta bi wannan doka ba, shi ya sa masu gudu ke nufar Gretna Green, ƙauyen da ke bakin iyaka, a ɗaura musu nan take. Can Lidiya ta rubuta cewa za su. Da dangi suka gano ba su wuce Landan ba, sai hankali ya tashi, don ya nuna Wikam ba shi da niyyar aure tun farko. Sai da Darsi ya nemo su, ya biya bashin Wikam, ya saya masa muƙami a soja, sannan aka ɗaura. A lokacin, mafi ƙarancin shekarun aure a dokarsu 12 ne ga mace, 14 ga namiji. Sai a 1929 aka maida shi 16, a 2023 kuma Ingila da Wales suka kai shi 18.

To me mai kallo ke gani? A 1995 Julia Sawalha ce Lidiya. Haihuwar 1968 ce, ta girmi "yayarta" Jennifer Ehle, haihuwar 1969. Ta iya wasan ƙwarai, ta yi ta tsalle da ƙyalƙyala dariya, amma ido na ganin cikakkiyar mace ƴar 27. A 2005 Jena Malone ce, ita ma ta girmi Keira Knightley da watanni, Rupert Friend da ya yi Wikam kuwa haihuwar 1981 ne, shekara uku kawai ya ba ta. Tazarar goma sha biyu ta koma uku. Sai abin ya yi kama da saurayi da budurwa sa'anni da suka yi wauta tare, mai kallo ya raba musu laifi biyu, wani ma ya ɗora wa yarinyar kaso mafi tsoka. Masu shirya fim suna da uzurinsu: aiki da ƙananan yara yana da dokoki masu tsauri a ƙasashensu, kuma sukan fi son wadda ta goge a sana'ar. Sai dai wanda ya tsaya a fim bai ga yarinyar da Jane Austen ta rubuta ba, wadda a farkon littafi take alfahari da cewa ko da ita ce ƙarama, ta fi duk yayyenta tsawo. Zancen yara ke nan.

Babi na ƙarshe ya ba da labarin yadda auren ya kasance. Son da Wikam ke mata bai jima ba ya huce, nata ya ɗan fi daɗewa. Suna ta tashi daga wannan gida zuwa wancan suna neman haya mai araha, suna kashe abin da ya fi samunsu, kuma duk ran da za su tashi sai an rubuto wa Elizabet ko Jane a taimaka a biya bashi. Kiti kuwa, mai 18, yayyenta suka janye ta wurinsu, ubanta ya hana ta zuwa gidan Lidiya duk da gayyatar da ake ta aiko mata.