Yajin Gida da Na Kanti: Wanne Ya Fi Sauƙi Ga Aljihu?

A duk gidan da ake ɗora tukunya a Bacirawa da ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin Ƙaramar Hukumar Ungogo, akwai wani kuɗi da ke fita kullum ba tare da an lura da shi ba. Hatsi dai a rumbu yake, kuka da kuɓewa suna rataye, amma da an tashi yin miya sai an aiki yaro wurin mai tebur ya sayo dunƙule, da ƙullin yaji, da ɗan kori na leda. Saboda kuɗin ba ya da yawa a lokaci guda, maigida ba ya jin zafinsa. To amma da yayyafi kogi kan cika. A misali, in gida yana kashe naira 100 kullum a kan waɗannan, kafin shekara ta zagayo naira 36,500 ta fita. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da masu karatu mu yi lissafi.

Mu fara da sanin inda kayan ke fitowa, domin a nan farashi yake. Barkono da tafarnuwa a nan Arewa ake noma su. Citta daga Kudancin Kaduna take zuwa, wajen Kachia da Kwoi da Kagarko. Kimba da masoro 'yan kurmi ne. Kanumfari kuwa sai an ƙetaro da shi daga Zanzibar ko Madagaska ko Indunusiya, saboda haka kuɗinsa yana bin dala. Tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, Kasuwar Kurmi take, kuma har gobe ana samun waɗannan kayan ƙamshi a cikinta. Ga kuma Kasuwar Dawanau nan kusa da mu a hanyar Katsina.

Shi kuwa dunƙule baƙo ne da ya zama ɗan gida. A 1908 kamfanin Maggi na ƙasar Suwizalan ya fara yin sa, yanzu kuma ana yin sa a Agbara ta Jihar Ogun. Wanda ya sayi dunƙule ko yajin leda ya biya kuɗin takarda, da na mota, da ribar ɗan sari, da ta mai tebur. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowane ɗayan waɗannan ya ƙara nauyi.

Yadda ake haɗa yajin gida ba ɓoyayye ba ne, ko da yake kowace uwargida da nata awo. Ga wani mai sauƙi: barkono busasshe gwangwani 4, citta gwangwani 1, tafarnuwa busasshiya rabin gwangwani, masoro da kimba da kanumfari kaɗan-kaɗan, sai daddawa da gishiri. A tsince kayan, a shanya su a kan tabarma har su bushe ƙayau, a daka a turmi ko a kai inji, a tankaɗe, a zuba a kwalba mai murfi. In na tsire ake so, sai a ƙara garin ƙuli-ƙuli.

To, shin ya fi araha? Amsa ita ce e, amma da sharaɗi. Na farko, sai an sayi kayan da kaka, da mudu ko tiya, lokacin da barkono ya cika kasuwa. Wanda ya bari sai tsakiyar damina ya sayi ƙulli-ƙulli, bai tsira da komai ba. Na biyu, a sa kuɗin niƙa da na itace da wahalar mai daka cikin lissafi, domin guminta ba kyauta ba ne. Na uku, kayan gida ma suna da ranar tsadarsu. A 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta a Kudancin Kaduna ta lalata amfani mai yawa, citta ta yi tsadar da mutane da dama suka rage ta a yajinsu.

Babbar matsala a nan ita ce, mai ƙaramin ƙarfi ba ya da kuɗin sari a dunƙule, shi ya sa kullum shi ne ke saye da tsada. Maganin wannan yana hannun iyayenmu mata, tun da sun san adashi. Gidaje biyar ko shida su haɗa kuɗi da kaka, mutum ɗaya ya je kasuwa, a niƙa tare, a raba da gwangwani. Kuɗin mota ɗaya, kuɗin inji ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma batun lafiya. Kusan rabin dunƙule gishiri ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, saboda hawan jini. Mai haɗa yajinta ita ke auna gishirinta. Sai dai ta tabbata mai sinadarin aidin ne, wanda ke hana maƙoƙo, domin dunƙule yana ɗauke da shi, kada a bar shi a rasa madadi. Haka kuma barkono ko gyaɗar da ta yi fumfuna tana da guba mai cutar da hanta. A zubar da ita, kada a ce asara, kuma a daina shanya a gefen kwalta.

Daga ƙarshe, mu tuna da ɗorawa. Daga kalwarta ake yin daddawa: a dafa ta tsawon yini, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe kwana biyu ko uku, sannan a kirɓa a shanya. Daddawa tana ba miya ɗanɗano, tana kuma gina jiki. Amma ga shi birni yana cin gonakinmu, ana yanka filaye, masu itace da gawayi suna sare ɗorawar da kakanni suka bari. Kowace bishiya da ta faɗi, kuɗin kalwa ya ƙaru, uwargida ta ƙara dogara ga mai tebur.

Ba mu ce a yi gaba da dunƙule ba. Abin da muke roƙo shi ne, maigida da uwargida su rubuta abin da suka kashe a kan kayan miya na mako guda, su ninka sau 52, su dubi juna, sannan su yanke shawara kafin kaka ta wuce. Wanda kuma ke da ɗorawa a gonarsa, ya bar ta tsaye domin 'ya'ya da jikoki. Allah ya sa albarka a tukwanenmu.