Wutsiyar Adireshin Intanet: A Ƙirga Baƙo, Sannan A Yanke Ta

A kasuwannin dabbobi na ƙasar Dakoro, har zuwa Azagor, mai raƙumi yakan so ya san dillalin da ya kawo masa mai saye, don la'ada ta tafi inda ya dace. To, haka abin yake a intanet.

Da yawa daga cikinmu muna tallan atamfa, turare ko ragon layya ta Facebook da WhatsApp. Idan muka lura, adireshin da muke turawa yakan zo da doguwar wutsiya bayan alamar tambaya, irin su utm_source ko fbclid. Wannan wutsiya ita ce dillalin, wato ita ke gaya wa mai shago ta inda baƙo ya biyo. Alamar utm ta samo asali ne daga kamfanin Urchin, wanda Google ya saye a 2005, ita kuwa fbclid a 2018 Facebook ya fara liƙa ta.

Matsalar tana farawa ne wajen turawa. A ce wata 'yar kasuwa a Maraɗi ta biya kuɗin talla a Facebook. Ƙawarta ta kwafi adireshin da wutsiyarsa ta watsa a WhatsApp, mutum hamsin suka shiga. Lissafi zai nuna duk tallan Facebook ne ya kawo su, sai ta ƙara zuba kuɗi inda bai kamata ba. An ba dillalin da bai yi wahala ba la'ada ke nan.

Maganin da masu gina shagunan intanet ke yi shi ne, da baƙo ya shigo sai a fara rubuta ta inda ya zo, sannan nan take a goge wutsiyar. Lissafi ya samu, wanda ya kwafa kuma ya ɗauki adireshi mai tsafta. Su ma manyan kamfanoni sun shigo ciki: Firefox a 2022 da Apple a 2023 sun fito da hanyar cire wasu alamomin da ke bin sawun mutum.

Shawararmu ga 'yan kasuwa ita ce, kafin a tura, a goge utm da fbclid. Amma a yi hattara, ba duk abin da ke bayan alamar tambaya ne shara ba; a YouTube idan aka goge v= bidiyon ba zai buɗe ba. A gwada adireshin tukuna, kuma a tambayi wanda ya gina shagon ko ya tanadi wannan gyara.