An Fito Daga Ruwa, Saura Jeji

A ikkilisiyoyi da dama na ƙasar nan, mai neman baftisma yakan yi watanni a aji yana koyon tushen bangaskiya, dattawa su yi masa tambayoyi, sa'an nan a kai shi rafi a yi masa baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. 'Yan zumuntar mata su yi waƙa, su yi guɗa, dangi su yi murna. Daga nan aji ya tashi, kowa ya kama gabansa. Abin da ba a cika gaya wa sabon mai bi ba shi ne, daga wannan rana ce yaƙin zai ƙara zafi.

Ba a ɗaukar lokaci sai tsohon hali ya zo yana sallama. Saurayin da ya rabu da gidan burukutu ya ji abokai suna kiransa, ko kuwa cacar ƙwallo ta same shi har cikin ɗaki ta wayar hannu. Matar da ta ƙone layunta, ran da ciwon ɗanta ya ƙi jin maganin asibiti, sai uwar miji ta ce a je wurin boka. Ma'aikacin da albashi bai kai shi ƙarshen wata ba ya ga an tura masa ambulan. Wanda aka ƙone wa gida a lokacin rikici kuwa, ramuwa ce ke cin zuciyarsa dare da rana. In mutum ya faɗi, sai ya fara tunanin ko baftismarsa ba ta karɓu ba, kunya ta hana shi zuwa sujada, a hankali a neme shi a rasa.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan al'amari ba. A Matiyu sura 3 Yahaya ya yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun, sura 4 kuma ta buɗe da Ruhu yana kai shi jeji, inda ya yi azumin kwana 40, Iblis ya jarabce shi sau uku. To, in Ubangiji da kansa bai tsira daga gwaji bayan baftisma ba, ina ga bawansa?

Dubi kuma Saminu mai sihiri na Samariya, a Ayyukan Manzanni sura 8. Ya ba da gaskiya ta wurin wa'azin Filibus, an yi masa baftisma, amma da ya ga manzanni suna ɗora wa mutane hannu suna karɓar Ruhu Mai Tsarki, sai ya fito da kuɗi yana neman ya sayi ikon. Bitrus ya tsauta masa ƙwarai. Sai dai mai karatu ya lura, bai ce masa ya koma ruwa ba. Ya umarce shi ne ya tuba, ya roƙi Ubangiji gafara.

Ikkilisiyar farko ma ta sha fama da wannan tambaya. A shekarar 250, Sarkin Roma Desiyus ya ba da doka kowa ya miƙa hadaya ga gumaka, ya karɓi takardar shaida. Masu bi da yawa sun miƙa, waɗansu kuma suka ba da toshiya suka sami takardar. Da tsanani ya lafa, wani shugaba a Roma mai suna Nobatiyan ya ce kada a sake karɓarsu. Amma a shekarar 251 bishof-bishof suka taru a Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yanzu, ƙarƙashin Sifiriyan, suka yanke cewa akwai hanyar komowa ta tuba da horo, gwargwadon nauyin laifin kowa. Tsoron faɗuwa bayan baftisma ya sa waɗansu suka riƙa jinkirta ta har tsufa. Sarki Kustantin bai karɓe ta ba sai a shekarar 337, dab da mutuwarsa. Shi kuwa Agustin, wanda aka yi wa baftisma a Milan a shekarar 387, yana bishof na Hippo a Aljeriya ta yau ya rubuta a fili cewa har lokacin yana kokawa da sha'awar jiki, da kwaɗayin abinci, da son yabo.

Abin da za a koya a nan shi ne, jaraba daban, zunubi daban. Mutumin da yake jin zafin kokawa a zuciyarsa, alama ce Ruhu yana aiki a cikinsa, gama gawa ba ta kokawa. Manzo Bulus a Galatiyawa sura 5 ya nuna cewa halin mutuntaka da Ruhu suna gāba da juna a cikin mai bi. A 1 Korintiyawa 10:12-13 kuma ya gargaɗi wanda yake ganin ya tsaya da ƙafafunsa ya yi hattara, ya kuma tabbatar cewa Allah ba ya barin gwaji ya fi ƙarfinmu, yakan buɗe mafita tare da shi.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka san ƙofar da jaraba ta saba shigo maka, ka toshe ta, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kada ka yi wasa da addu'a da karatun Maganar Allah da Jibin Ubangiji. Ka sami dattijo ko 'yar'uwa amintacciya da za ka iya gaya wa gaskiya. In ka faɗi, ka tashi ka furta zunubinka, 1 Yahaya 1:9 ta yi alkawarin gafara ga mai yin haka.

Ikkilisiya ita ma tana da nata nauyin. Bai kamata koyarwa ta ƙare ranar baftisma ba. Ya dace a haɗa kowane sabon mai bi da wani wanda ya daɗe cikin bangaskiya, ya riƙa ziyartarsa. In kuma an sa mutum ƙarƙashin horo, a tuna manufar horo ita ce a maido da shi, ba a zaunar da shi a bencin baya a manta da shi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ubangiji ya riƙe mu har ƙarshe, amin.