Me ke sa injin mota ya riƙa ƙwanƙwasa?

A bakin direbobi da kanikawa a arewacin Najeriya, idan aka ce inji ya buga, ko ya yi nokin, to magana ta ƙare. Sai dai a sauke shi a yi masa babban aiki, ko kuma a nemi wani.

Sai dai da wuya inji ya buga ba tare da gargaɗi ba. Yawanci yakan fara ne da wata baƙuwar ƙara, wadda direba kan ji na wasu mintoci, wani lokaci ma kwanaki, kafin motar ta tsaya cik.

Ba kowace ƙara ce ke nufin abu ɗaya ba. Akwai wadda za a iya tafiya da ita har gida, akwai kuma wadda 'yar gajeruwar tafiya da ita kan jawo asarar injin baki ɗaya.

Sanin wannan bambanci na da muhimmanci ga direbobin da ke jigila a yankuna irin su Rano da Kibiya, a kudancin jihar Kano, inda motocin haya da a-kori-kura ke ɗaukar fasinja da buhunan hatsi zuwa birni.

Manyan dillalan kayan gyara suna can cikin Kano, musamman a kasuwar Ƙofar Ruwa, don haka abin da kan fara zuwa ran direba shi ne ya lallaɓa motar har can. Sau da yawa wannan lallaɓawar ce ke ƙarasa injin.

Ƙarar ƙasan inji

Wadda ta fi haɗari ita ce ƙara mai nauyi da ke fitowa daga ƙasan inji, kamar ana dukan ƙarfe da guduma daga cikin rufaffen ɗaki.

Kowane fistin a cikin inji yana haɗe da wani sandan ƙarfe da ake kira kwanrod, wanda shi ke juya babban ƙarfen nan, karanshaf. A mahaɗarsu akwai wasu 'yan ɓawon ƙarfe masu laushi da kanikawa ke kira metal.

Ba a son ƙarfe ya goga ƙarfe a wurin. Baƙin mai ne ke shiga tsakani, a wani ɗan sarari da bai wuce kaurin silin gashi ba.

Injin da ke juyawa sau 3,000 a minti ɗaya yana juyawa ne sau 50 a kowace daƙiƙa. Da zarar mai ya yi ƙasa, ko ya tsufa ya cika da datti, ko famfon da ke harba shi ya gaza, sai metal ya fara cinyewa.

Sararin ya buɗe ke nan, kuma duk lokacin da wuta ta tashi a kan fistin, sai kwanrod ya daki karanshaf. Wannan dukan ne direba ke ji.

Ana gane shi da cewa yana ƙaruwa idan aka taka totur, kuma ya fi fitowa bayan inji ya ɗauki zafi, domin a lokacin mai ya tsinke. Idan kuma jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa a gaban direba, to babu sauran jira: a gangara gefen hanya a kashe motar.

Idan aka tsaya da wuri, mai yiwuwa sauya metal da gyara fuskar karanshaf su wadatar. Idan aka ci gaba, metal ɗin kan narke ya manne, har kwanrod ya karye ya fasa jikin injin ya fito waje. A nan kuɗin janwe daga Kibiya zuwa Kano, wanda direba ya guje wa, ba ya ko kusa da kuɗin sayen wani injin.

Yadda ake bincike

Gogaggen bakanike ba ya gaggawar kwance inji. Yakan fara zaro sandar awon mai ya duba yawansa da launinsa. Idan ya murza man a yatsa ya ga yana ƙyalli da burbushin ƙarfe, ya riga ya san amsar.

Daga nan yakan ɗora bakin dogon sukudireba a sassan injin, ya kara kunnensa a ƙotar, domin ya ji inda ƙarar ta fi ƙarfi, sama ko ƙasa.

Akwai kuma tsohuwar dabarar yanke wa fulogi wuta ɗaya bayan ɗaya. Silindar da aka yanke wa wuta ƙarar ta ragu, to a ƙarƙashinta matsalar take. Wannan gwaji ne na 'yan daƙiƙoƙi, kuma aikin wanda ya iya ne, saboda wutar fulogi na da ƙarfi.

Sau da dama binciken kan ƙare da labari mai daɗi. Ƙarar bawul, wadda ke fitowa daga saman inji, siririya ce kamar ta keken ɗinki, kuma saurinta rabin na juyawar injin ne. Tana buƙatar gyara, amma ba ta hana a isa gida.

Haka ma fistin da ya ɗan saki kan yi ƙara da sanyin safiya, ta lafa idan inji ya yi ɗumi. Wani lokacin ma ba injin ba ne sam, kujerarsa ce ta tsinke, ko salansa ke bugun jikin mota.

Laifin fetur

Akwai wata ƙarar dabam, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa. Ta fi fitowa idan mota ta yi lodi tana hawan tudu, ko kuma an bar ta a babbar giya alhali gudunta ya ragu.

Wannan ba sassaucin ƙarfe ba ne. Wani ɓangare ne na fetur da iska ke fashewa da kansa, maimakon ya jira wutar fulogi ta cinye shi a tsanake.

Fetur maras inganci na jawo ta, musamman wanda aka gauraya da kalanzir ko gas. Haka ma tarin baƙin toka a kan fistin, da saitin wuta da ya yi gaba da yawa, da kuma lagireto da ya toshe, abin da ke ƙara muni a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a Kano kan kai maki 40.

Matsalar ta daɗe. A shekarar 1921 wani injiniya a Amurka, Thomas Midgley, ya gano cewa zuba sinadarin dalma a fetur na kashe ƙarar. Daga baya aka tabbatar da cewa dalmar guba ce, musamman ga ƙwaƙwalwar yara, kuma sai a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanar da cewa an daina sayar da irin wannan fetur ga motoci a duk duniya, bayan Aljeriya ta ƙarar da nata.

Motocin zamani na da wata na'ura da ke jin ƙarar ta ja saitin wuta baya, amma tsofaffi masu kafireto ba su da wannan gata. Idan aka bar ta ta daɗe, takan fasa zobban fistin ko ta huda kansa.

'Yan Najeriya dai ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya amsa cewa an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da sinadarin methanol fiye da ƙima, lamarin da ya haddasa dogayen layuka da koke-koken lalacewar motoci.

Amma ba kullum laifin ke wuyan mai sayar da fetur ba. Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai a ranar 29 ga watan Mayun 2023, riƙe mota ya ƙara tsada, kuma juyen baƙin mai na cikin abubuwan da suka fi sauƙin ɗagewa zuwa wani watan. A hanyoyin karkara masu ƙura, musamman da hunturu, man kan lalace tun kafin lokacin da aka saba.

Masu sayen tsohuwar mota ma sai sun yi hattara. Zuba mai mai kauri sosai kan danne ƙarar metal na ɗan lokaci, ba tare da ya gyara komai ba. Shi ya sa kanikawa kan tayar da injin tun yana da sanyi, su kuma sake sauraronsa bayan an yi tafiya ya ɗauki zafi, kafin a yi maganar ciniki.