Tiyatar Rage Ƙiba: Aikin da Ke Jiran Iyali Bayan Likita Ya Gama Nasa

Likitan da zai yi wa mutum tiyatar rage ƙiba ba ya wuce awa ɗaya zuwa uku a kansa. Sauran aikin kuwa, wanda zai ci shekara guda ko fiye, a tsakar gida ake yin sa, kuma masu yin sa ba su taɓa zama a ajin likitanci ba: mata ko miji, 'ya'ya, suruka, da maƙwabciyar nan da ba ta fashin aiko da kwanon ciyayya. Shi ya sa gidan da ya bar shirin ga mara lafiya shi kaɗai ya fara da kuskure.

Wahalar farko ita ce mu yarda cewa ƙiba tana zama ciwo. A wurinmu, in amarya ta yi wata shida ta murje, sai a ce miji ya iya kiwo. In magidanci ya ajiye tumbi, sai a ce hutu ya zauna. Har yau akwai 'yan matan da ke zuwa kemis neman sha-ka-fashe. To a irin wannan gari, ranar da mace ta ce za a yanke mata wani ɓangare na tumbinta don ta rame, tambayar da za ta fara ji daga dangi ita ce, "Ke kuwa Hajiya, me ya yi zafi?" Abin da ya yi zafi shi ne ciwon sukari da ya ƙi jin magani, da hawan jini, da gwiwar da ta sa ake salla a kan kujera, da numfashin da ke sarƙewa cikin barci har mai kwana kusa ya farka a firgice. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta kai matsayin ciwo, wato sama da mutum biliyan ɗaya.

Ba kowane mai jiki ake yi wa aikin ba. Likitoci na amfani da ma'aunin BMI: a raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, a sake rabawa da tsawon. Matar da tsawonta mita 1.65 ne, nauyinta kilo 110, ma'auninta ya ɗan haura 40. Tun 1991 ƙa'idar da aka fi bi ita ce 40, ko 35 in akwai wani ciwo da ƙibar ta jawo. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: 35 ko da babu wani ciwo, 30 ga mai ciwon sukari da makamantansa. Yawanci kuma sai an gwada gyaran abinci, motsa jiki da magani an ga ba su wadatar ba.

Aikin iri biyu ne suka fi yawa, kuma ta ƙananan huji a ciki ake yin su da kyamara. A na farko, ana cire kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, abin da ya rage ya zama siriri mai tsawo. Ɓangaren da aka cire shi ne ya fi samar da sinadarin da ke sa jin yunwa, don haka sha'awar abinci ma tana raguwa. A na biyu, wanda wani likitan Amurka mai suna Edward Mason ya assasa a shekarun 1960, ana ware ɗan aljihu a saman tumbi da ba ya ɗaukar abin da ya wuce kusan cokalin cin abinci biyu, a haɗa shi da hanji kai tsaye, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Ya kamata mai jinya ya san wanne aka yi wa nasa, domin dokokinsu ba ɗaya ba ne.

Akwai asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja da ke yin aikin, wasu mutanen kuma Masar suke tafiya, ko Indiya, ko Turkiyya. Mutum zai iya sayar da fili ya biya kuɗin aiki da tikiti da masauki, ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da murna, alhali babu likita ko ɗaya a garin da ya san da zancensa. Daren da zazzaɓi ya rufe shi, a lokacin ne za a fara buga waya ana tambayar wa za a gani. Kafin a tafi ya kamata a buɗe kati a gida, ko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, ko a Asibitin Muhammad Abdullahi Wase, wanda har gobe mutane ke ce wa Asibitin Nassarawa, a samu likitan da zai ci gaba da bibiya da kuma masanin abinci. In za a dawo, a taho da takardar da ta bayyana irin aikin da aka yi, da jerin magunguna, da lambar da za a samu likitan can. Kada kuma a hau jirgi sai shi ya ba da izini, don dogon zama bayan tiyata yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Jarrabawar gida tana farawa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Kusan mako biyu kafin ranar, ana ɗora mutum a kan abinci kaɗan, mai ƙarancin sitaci da maiƙo, don hanta ta rage girma likita ya samu wurin aiki. Mai shan sigari ko shisha zai daina tun makonni kafin nan, saboda hayaƙi na hana ciwo warkewa. A waɗannan kwanaki, soya wainar shinkafa a gaban mai haƙurin yunwa rashin tausayi ne, ko da ba da gangan ba.

Bayan aiki, mako ɗaya ko biyu na farko ruwa-ruwa ne zalla: ruwa, romon kaza ko na kifi da aka tace aka kwashe mansa, madara marar sukari. Sai a koma abin da aka markaɗa ya yi laushi, sai mai taushi irin su dafaffen ƙwai, kifi, alala, awara dafaffiya ba soyayya ba, kindirmo marar sukari. Sai wajen mako shida zuwa takwas ake komawa abinci sosai, shi ma a ɗan ƙaramin faranti. Abin da jiki ya fi buƙata shi ne abinci mai gina jiki, giram 60 zuwa 80 na furotin a rana, kuma a nan girkinmu yake da gyara. Mun saba tuwo ne abinci, nama ɗan ado ne a kan miya. Yanzu sai an juya lissafin: a fara da kifin ko waken, in da sauran wuri a ɗora loma ɗaya ta tuwo. Tsire, kilishi da gurasa kuwa sai can gaba, domin busasshen abu yana tsayawa a ƙirji ya jawo amai.

Ruwa ma da dokarsa. Ana son lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, amma kurɓa-kurɓa, kuma ba a haɗa shi da abinci; a ba da tazarar kamar rabin awa. Wanda ya san Kano a Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa digiri 40, ya san abin da ake nufi da a ce mutum ba zai iya kafa kai ya shanye ledar ruwa ba. Ƙarancin ruwa a jiki na cikin abubuwan da suka fi mayar da mutane gadon asibiti a makonnin farko. In da hali, a sa lokacin aikin ya faɗo cikin sanyi.

Sai 'yan dubiya. Mu mutane ne da ke faɗin ƙauna da kwano. Za su zo da katan na lemon kwalba, da gorar kunun aya, da fura mai sanyi an zuba mata sukari, kowa kuma so yake ya ga an taɓa nasa a gabansa. "Haba Yaya, ko kurɓa ɗaya ki yi, don Allah." Wannan kurɓar tana iya zama tashin hankali. Ga wanda aka tsallake masa tumbi musamman, abu mai zaƙi yana zubowa hanji da sauri, sai gumi, jiri, bugun zuciya, murɗar ciki da gudawa. Lemo mai gas kuma yana kumbura ɗan tumbin da ya rage. Mara lafiya ba zai iya ce wa gwaggonsa a'a ba. Kunya ba za ta bar shi ba. Mijin ko matar ne za su tsaya a bakin ƙofa, su karɓi kaya da godiya, su ce, "Gwaggo, an gode Allah Ya saka, amma likita ya hana, yara za su sha." In an ɗora wa likita laifin, ba wanda zai yi fushi. A gidan da ake raba girki kuwa, dole duk mai ranar girki ta ji bayanin daga bakin masanin abinci da kunnenta, don kada a wayi gari ƙin cin tuwon wata ya zama maganar kishi.

Akwai alamomin da ba a jira gari ya waye a kansu: zuciya na bugawa sama da 120 a minti, zazzaɓi, ciwon ciki mai tsanani ko ciwon da ke harbawa kafaɗar hagu, amai da ya ƙi tsayawa, kumburin ƙafa ɗaya, ko numfashi sama-sama. Suna iya nufin ɗinki ya yi yoyo ko jini ya daskare. A san motar da za a shiga da asibitin da za a nufa tun kafin a buƙace su. Kuma kada tausayi ya sa a hana mara lafiya tashi. Ɗan zagaye a tsakar gida sau da yawa a rana shi ne rigakafin daskarewar jinin.

Ga mai aiki a masana'antun Bompai, Sharaɗa ko Challawa, akwai lissafin albashi. Mai zaman ofis na iya komawa bayan mako biyu zuwa huɗu, amma mai ɗaga buhu, ko jan fatu a kamfanin jima, ko tsayuwa gaban injin roba, an hana shi ɗaukar nauyi na mako huɗu zuwa shida. A nemi hutun a rubuce, a roƙi aiki mara nauyi na wani lokaci. In ya koma, ba zai iya zama gaban mai shinkafa da wake na bakin get ya tashi da faranti cikin minti goma ba. Sai an haɗo masa nasa daga gida a ƙananan kwanuka.

Kemis ɗin unguwa ma sai an yi hattara da shi. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda leburori ke sha kusan kullum, suna iya haddasa gyambon ciki a wurin ɗinki. Mai ciwon sukari kuma sukarinsa na iya sauka cikin kwanaki, don haka ci gaba da tsohon awon insulin ba tare da likita ya gyara ba haɗari ne. Akwai kuma kuɗin da ba ya ƙarewa: bitamin B12, sinadarin ƙarin jini, kalsiyam da bitamin D, har tsawon rai, tare da gwajin jini lokaci-lokaci. Wanda ya daina saboda ya ji sauƙi, ƙarancin jini ko mutuwar jijiyoyin ƙafa na iya riskarsa bayan shekaru. Gashi kan zube daga wata na uku zuwa na shida, amma yana dawowa.

Magana biyu ce ma'aurata kan ji nauyin yi, kuma dole ne a yi su. Ta farko haihuwa: ana son mace ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, alhali raguwar ƙibar kanta tana sa cikin ya zo da sauƙi, har ga wadda ta daɗe tana nema. Sai an je an tattauna tazarar haihuwa tare, ba ita kaɗai ba. Azumin farko bayan aiki ma likitoci kan ce a ɗage shi, kuma shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame. A ji ta bakin likita da malami tun Ramadan bai zo ba.

Ta biyu ita ce auren kansa. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan mutanen Suwidin ya gano cewa bayan wannan tiyata marasa aure sun fi samun abokan zama, masu aure kuma rabuwa ta ƙaru a tsakaninsu. Suwidin ba Kano ba ce, amma dalilin ba baƙo ba ne. Matar da ta shekara goma tana gudun biki saboda ba ta son a kalle ta, yanzu ta ɗinka sababbin kaya tana son fita. Mijin da bai taɓa kishi ba ya fara tambayar ina za a je. Dangi kuma, ganin rama mai sauri, za su fara raɗe-raɗin wata cuta ko sammu, ko su ce miji ne ya daina ciyarwa. Gara ma'auratan su yanke tun farko wa za a gaya wa gaskiya, da abin da za a ce wa sauran.

Nauyi yakan fi sauka a shekarar farko zuwa wata 18, daga nan ya tsaya, kuma a wasu mutanen wani ɓangare yana dawowa. Ba ta hanyar tuwo ya fi dawowa ba, tunda tuwo na cika ɗan tumbin nan da nan. Abin sha mai zaƙi ne ke wucewa ba tare da an ji ƙoshi ba: shayi mai kauri da madarar gwangwani da safe, zoɓo da rana, fura bayan isha'i. Mai cefane da mai riƙe da gwangwanin sukari su ne za su fara lura da hakan, tun kafin sikeli ya nuna.